Kuɗin waya: yadda yake aiki, da inda yake tsayawa a harkar kara

Lokacin da nake firamare, in Baba ya sayar da shanu a kara a nan Badun zai koma Arewa sari, Inna ce ke ɗinke masa kuɗin cikin wata ɗamara da yake ɗaurawa ƙarƙashin riga. Har ya isa Maigatari babu mai barcin kirki a gidanmu. Yau ni ke riƙe masa lissafi, kuma kuɗin yana riga shi isa. Tunda ana yawan tambayata a Sabo yadda abin yake, ga bayaninsa.

Kuɗin waya na nufin ajiya, turawa da karɓar kuɗi ba tare da shiga banki ba. Ƙofofinsa uku ne. Akwai lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, irin *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, wadda ba ta buƙatar data. Akwai manhaja a babbar waya, ta banki ko ta kamfanoni irin su OPay, Moniepoint da PalmPay. Sai ɗan POS, wanda shi ne ke mayar da tsabar kuɗi lamba, ya mayar da lamba tsabar kuɗi. Yawancin tiransifa na bi ta wani tsari na kamfanin NIBSS da aka fara a 2011, shi ya sa kuɗi ke shiga wani banki cikin daƙiƙoƙi. Mabuɗin shiga kuwa BVN ce, lamba 11 da aka ɓullo da ita a 2014, ko NIN. Tun Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da ɗayansu.

In ana maganar amfaninsa ga talaka, Kenya ake fara kawowa. A 2007 kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa, inda mutum ke ajiye kuɗi a layinsa, ya cira wajen mai shago. A 2016 wasu masana biyu, Tavneet Suri da William Jack, suka fitar da bincike cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga matsanancin talauci, wato kamar kashi 2 cikin 100 na gidajen ƙasar, kuma mata da yawa sun bar ƙaramin noma sun koma sana'a. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ma'aunin da suka yi amfani da shi: yawan wakilai kusa da gidan mutum. Inda wakili ya yawaita, nan amfanin ya fi bayyana. Ashe waya kaɗai ba ta isa ba.

Mu nan dole ce ta koya mana. A Oktobar 2022 aka sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, farkon 2023 kuɗi ya ɓace daga hannu, har ana sayen naira da naira. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardu a watan Maris, amma kafin nan mahautan da a da ba sa jin komai sai tsaba sun saba da tiransifa, ba su kuma koma ba.

To ina yake tsayawa? A kasuwar sari. Makiyayin da ya koro bijimai daga ruga sau da yawa ba shi da asusu, ko yana da shi amma babu sabis a inda yake. Tsaba yake so, kuma bai yi laifi ba. Ranar kasuwa kowa na neman cire miliyoyi a lokaci guda, kuɗin 'yan POS ya ƙare kafin azahar, cajin ya tashi. Ka ga an rage hatsarin hanya, amma an ƙara wa kowane sa wani kuɗi da ba ya cikin la'adar dillali. Shi ya sa yanzu nake tura kuɗin ga wakilin da muka sani kwana biyu kafin kasuwa, mu tsayar da caji tun daga nan.

Matsala ta biyu tamu ce, kuma ita ta fi damuna: aron asusu. Manyan 'yan kasuwa da yawa a kara ba su da asusu da sunansu, na yaron shago ko na ɗan POS suke ba mai saye. Wani abokin Baba ya shekara yana tara cinikinsa a asusun wani yaro. Yaron bai ci amana ba, rasuwa ya yi a hatsarin mota. Banki ya ce kuɗin na magada ne har sai an kawo takardar kotu, Alhajin kuma ba shi da ko takarda ɗaya. Sai da dattawa suka shiga tsakani, aka ɗauki watanni. Ko babu mutuwa, wanda ake gina wa tarihin ciniki shi ne mai sunan, shi za a duba in ana maganar ba da jari. Inshorar NDIC ma, da aka ɗaga a 2024 zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, mai sunan take bi. Wanda ke gudun riba yana da Jaiz, TAJ da Lotus, duk ba sa harkar ruwa.

Sai alat na bogi. Saƙon tes ba shaida ba ne, kowa na iya ƙirƙirarsa, haka hoton rasit. Mun taɓa sakin saniya a kan tes, har yau ba mu ga kuɗin ba. Yanzu ko mahaucin da muka shekara goma da shi ne, igiya ba ta barin hannun yaro sai na buɗe asusun da kaina na ga ragowar kuɗin ta ƙaru. In sabis ya ɗauke, a zauna a sha shayi. Lambar sirri kuwa, da lambar da banki ke turowa ta tes, ko Baba ne ya kira ni a waya ya tambaya ba na faɗa, sai na je na same shi.