Ƙwarangwal ɗin ƙwayar halitta: abin da ke ba ta siffa, yake kuma sa ta tafiya

Idan wuƙa ta yanki mutum a yatsa, bayan ƴan kwanaki sai ya ga bakin raunin ya haɗe. Abin da ke faruwa a wurin shi ne, ƙwayoyin fata da ke gefen raunin suna jan ciki sannu a hankali zuwa tsakiya har su gamu, fararen ƙwayoyin jini kuma suna fitowa daga jijiyoyi suna farautar ƙwayoyin cuta. Ƙwayar halitta ba ta da ƙafa, ba ta da ƙashi. Abin da take tafiya da shi wata raga ce ta siraran zaruruwan furotin da ke cikinta, wadda masana ke kira sitoskelet, wato ƙwarangwal ɗin ƙwayar halitta. Binciken da aka yi a kan wannan raga ya bayyana yadda tsoka ke motsi, yadda ƙwayar masassarar cizon sauro ke kutsawa cikin jini, da dalilin da ya sa maganin tsutsar ciki yake aiki.

Mene ne shi?

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin miliyar dubu 30. Yawancinsu ba su wuce mikromita 10 zuwa 30 ba, mikromita kuwa shi ne milimita ɗaya an kasa shi dubu. An daɗe ana ɗaukar ƙwaya tamkar ƴar salka ce cike da ruwa, kayan ciki na yawo yadda suka ga dama. A shekarar 1903 wani masani ɗan Rasha, Nikolai Koltsov, ya ce dole akwai wani ginshiƙi a ciki da ke riƙe siffarta. A 1931 Bafaranshe Paul Wintrebert ya raɗa wa abin suna sitoskelet. Amma ba a gan shi sosai ba sai bayan da aka samu madubin bincike mai aiki da lantarki, wanda ke nuna abin da madubin haske ba ya iya nunawa.

Kalmar ƙwarangwal tana iya ruɗar mai karatu, domin ƙashin mutum yana nan yadda yake daga safe har dare. Na ƙwaya ya fi kama da bukkar makiyayi: ana kafa ta a nan, gobe a tuge sandunan a kafa a gaba, kuma da sandunan jiya ake ginin yau. Wasu sassansa ba sa wuce minti ɗaya ko biyu kafin a warware su a sake ɗaurawa.

Zaruruwa iri uku

Na farko shi ne zaren aktin, mafi siranta, kaurinsa nanomita 7. Nanomita shi ne mikromita ɗaya an kasa shi dubu, don haka sai an jera irin wannan zare kusan dubu goma kafin a kai kaurin silin gashi guda. Brunó Straub ne ya ware aktin daga tsoka a 1942, a ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi da ke garin Szeged na ƙasar Hungari. Aktin ya fi taruwa a ƙarƙashin fatar ƙwaya, shi ke ba ta ƙarfin turawa da matsewa.

Na biyu su ne ƙananan bututu, mikrotubul, masu kaurin nanomita 25. Cikinsu rami ne kamar gora, an gina su da furotin mai suna tubulin, galibi layi 13 a kewaye. Sun fi sauran tauri. Suna tasowa daga wani wuri kusa da cibiyar ƙwaya su bazu zuwa gefe, su ne hanyoyin da ake bi da kaya.

Na uku su ne zaruruwan tsaka-tsaki, masu kaurin nanomita 10. Aikinsu irin na igiyar ɗaurin kaya ne: suna miƙewa ba tare da sun tsinke ba, suna hana ƙwaya yagewa idan an ja ta. Keratin na fata da gashi da farce da ƙahon saniya daga wannan dangi yake. Akwai ciwon gado da ake haifar yaro da keratin mai rauni, fatarsa ta riƙa yin bororo da ɗan gugar tufafi kawai.

Yadda ƙwaya ke jan ciki

A farkon shekarun 1970 Michael Abercrombie, a Landan, ya ɗauki fim ɗin ƙwayoyin da ke tafiya a kan gilashi, ya rarrabe matakan tafiyar. Da farko ƙwaya tana miƙa wani faffaɗan leɓe a gabanta. Sai leɓen ya kama ƙasa da wasu furotin masu manne wa abin da take tafiya a kai. Daga nan jikin ya matse ya jawo kansa gaba, a ƙarshe baya ya saki ƙasa.

Abin da ke tura leɓen shi ne ginin aktin. A bakin gaba ana ta ƙara sababbin ɗigon aktin a kan zare, zaren na tsawo yana tokare fatar ƙwaya yana tura ta. A baya kuma ana kwance tsofaffin, a maido da su gaba a sake amfani da su. Ƙwayar da ke gyaran rauni tana yin kamar mikromita ɗaya a minti. Farar ƙwayar jini mai farautar cuta ta ninka ta fiye da sau goma. Tana jin warin sinadarin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, ta mayar da ginin aktin ɗinta wajen da warin ya fi ƙarfi, idan ta cim ma cutar ta kewaye ta da leɓenta ta haɗiye. Mugunyar da ke taruwa a miki yawancinta gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyi ne da suka mutu a bakin aiki.

Wata ƙwayar cuta mai suna Listeriya, da ake ɗauka daga gurɓataccen abinci, ita ta taimaka aka tabbatar da wannan bayani. A 1989 Lewis Tilney da Daniel Portnoy a Amurka suka ga tana shiga cikin ƙwayar halitta, ta tara aktin ɗin mai gida a bayanta kamar wutsiya, ginin wutsiyar ya riƙa ingiza ta gaba. A 1992 ayarin Pascale Cossart na cibiyar Pasteur ta Paris ya gano furotin ɗin da cutar ke wannan sata da shi. A 1999 kuma ɗakin binciken Marie-France Carlier, a Gif-sur-Yvette kusa da Paris, ya haɗa aktin da ƴan furotin kaɗan da aka tace, ba tare da ƙwayar mutum ba, cutar ta tafi kamar yadda ta saba. Wannan ya nuna ginin zaren kaɗai ya isa ya tura abu gaba.

Ƴan dakon cikin ƙwaya

Akwai wasu furotin da ke tafiya a kan zaruruwan, suna ƙona wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne man da ƙwaya ke aiki da shi. Mafi daɗewa da aka sani shi ne miyosin, abokin aikin aktin. A 1954 ayari biyu, na Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da na Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa lokacin da tsoka ta tsuke zaruruwanta ba gajarta suke yi ba: miyosin ne ke kama aktin yana ja, ya saki, ya sake kamawa a gaba, kamar mai jan guga daga rijiya. Miyosin yana bukatar ATP kafin ya saki. Shi ya sa dabbar da aka yanka take sandarewa bayan ƴan sa'o'i, abin da kowane mahauci ya sani: man ya ƙare, miyosin ya maƙale a jikin aktin.

A kan ƙananan bututu kuma akwai ƴan dako biyu. Kinesin yana ɗaukar kaya daga tsakiyar ƙwaya zuwa gefe. Ronald Vale, Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano shi a 1985 a cikin ƙatuwar jijiyar wata halittar teku mai suna kalamar. Yana da ƙafa biyu, yana taka ɗaya bayan ɗaya, kowane taki nanomita 8. Dinin, wanda Ian Gibbons ya gano a shekarun 1960, shi ke dawo da kaya tsakiya.

Muhimmancinsu ya fi fitowa a jijiyoyin da ke kai saƙo. Ƙwaya guda tana iya miƙewa daga ƙugu har babban yatsan ƙafa, kusan mita ɗaya, alhali a can sama ake ƙera yawancin abin da ƙarshenta ke bukata. Ƴan dakon nan suna iya yin santimita 20 zuwa 40 a yini. Ƙwayar ciwon haukan kare tana cin moriyar wannan hanya: daga wurin cizo take bin jijiya har ƙwaƙwalwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa cizo a fuska ya fi saurin kawo ciwon a kan cizo a ƙafa, kuma shi ya sa ake son a wanke wurin da sabulu a garzaya asibiti don allura tun cutar ba ta yi nisa ba.

Dinin ne kuma ke kaɗa wutsiyar maniyyi da ƙananan gasun da ke share majina daga hanyar numfashi. Wanda aka haifa da dinin ɗin wurin ba ya aiki yakan yi fama da ciwon ƙirji tun yana yaro, namiji kuma sau da yawa ba ya haihuwa.

Rabuwar ƙwaya

Ƙwayar jikin mutum mai rabuwa tana da kuromozom 46, inda bayanan gado suke. Kafin ta rabu biyu sai ta kwafe su, sannan ta rushe hanyoyin bututunta gaba ɗaya, ta gina wani sabon tsari mai kama da mazari. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka gano cewa kowane bututu yana tsawo, sai ya rushe kwatsam, ya sake tsirowa. Da wannan lalube bututun ke samo kuromozom su kama, su ja rabi nan rabi can. Daga ƙarshe zoben aktin da miyosin ya shaƙe tsakiyar ƙwayar kamar bakin jaka har ta tsinke gida biyu. Idan aka yi kuskure a rabon, ƙwaya ɗaya ta samu ƙari, ɗaya ta rasa, ana iya samun ɓari ko ciwon daji.

Masassarar cizon sauro da jininmu

Ƙwayar masassara, Plasmodiyom, tana da nata aktin da miyosin a ƙarƙashin fatarta. Da su take sulɓi cikin fatar mutum bayan sauro ya zuba ta, tana yin mikromita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, har ta sami jijiya ta wuce hanta. Da su kuma daga baya take cusa kanta cikin jar ƙwayar jini a ƙasa da minti ɗaya. A 2019 ayarin Anne Houdusse na cibiyar Curie ta Paris da abokan aikinsu suka fitar da siffar wannan miyosin. Ya bambanta da na mutum, don haka ana neman maganin da zai tsayar da shi ba tare da ya taɓa tsokar majiyyaci ba.

Ita jar ƙwayar jini tana da raga ta furotin mai suna spektrin haɗe da gajerun zaruruwan aktin. Ragar ce ke ba ta damar lanƙwashewa ta ratsa ƙananan ƙofofin saifa, ta dawo siffarta, har tsawon kwana 120 da take yi a jiki. Idan Plasmodiyom ya shiga ciki yakan kwance aktin ɗin mai gida ya shimfiɗa wa kansa hanyar fitar da furotin ɗinsa zuwa bayan ƙwayar, waɗanda ke sa ta manne a jikin jijiyoyi. A 2011 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka nuna cewa jini mai nau'in S, na amosanin jini da wasu ke kira sikila, da mai nau'in C, suna kawo wa cutar cikas a wannan aiki. Nau'o'in biyu suna da yawa a Afirka ta Yamma, kuma wannan na cikin bayanan da ake bayarwa kan dalilin da ya sa mai AS bai cika kamuwa da masassara mai tsanani ba. Kariyar ba cikakkiya ba ce, mai AS ma yana bukatar gidan sauro da magani.

Magungunan da suka dogara da shi

Albendazol da mebendazol, da ake ba yara don tsutsar ciki, suna manne wa tubulin ɗin tsutsa fiye da na mutum. Bututun hanjinta su rushe, ta kasa shan sukari, ta mutu da yunwa.

Ƙwayoyin ciwon daji suna rabuwa ba tsayawa, don haka hana su gina mazarin rabuwa hanya ce ta kashe su. Vinkristin, wanda ke cikin manyan magungunan kansar jini ta yara, an samo shi daga wani fure ɗan asalin Madagaska da ake shukawa don ado. Yana hana bututu ginuwa. Taxol, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka, akasin haka yake yi: Susan Horwitz ta nuna a 1979 cewa yana hana bututun rushewa, ƙwayar ta tsaya cik. Pierre Potier a Faransa ya samar da ɗan'uwansa, Taxotère, da ake amfani da shi a kansar nono. Da yake saiwar gashi da jijiyoyin saƙo su ma sun dogara da bututun, masu shan waɗannan magunguna sukan yi zubar gashi ko su ji yatsunsu sun mutu. Dukansu guba ne idan aka wuce kima, shi ya sa sai a asibiti ake ba da su da awo, kuma jiƙa furen a sha a gida haɗari ne.

Abin da ya fi kashe masu ciwon daji shi ne bazuwarsa daga inda ya fara zuwa hanta, huhu ko ƙashi, kuma ƙwayoyinsa suna wannan ƙaura ne da irin jan cikin da ke warkar da rauni. Babbar tambayar da masu bincike ke aiki a kai yanzu ita ce yadda za a tsayar da tafiyar ƙwayar daji, a bar farar ƙwayar jini da ƙwayar fata su ci gaba da tasu.