Kujerar shugaban majalisar dokokin Nijar: wa ya zauna, kuma yaya ya tashi?

Yau tarihin wata kujera za mu duba, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa mai ita kakakin majalisa, mu kuma nan gida muna cewa shugaban majalisar dokoki. A tsarin jamhuriya shi ne mutum na biyu a ƙasa, daga shugaban ƙasa sai shi. Su can majalisa biyu gare su, ta wakilai da ta dattawa. Mu guda ce muke da ita kafin Yuli 2023. Tsarin mulkin 2009 ya tanadi majalisar dattawa, amma ba ta kai ga zama ba sojoji suka zo.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai, na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka jingine bayan 26 ga Yuli 2023, ya ce depitoci ne ke zaɓen shugabansu, kuma zaɓensa na tsawon wa'adin majalisa ne, wato shekara biyar. Sauran mambobin biro kuwa duk shekara ake sabunta su. Kafin ya kama aiki sai ya yi rantsuwa gaban kotun tsarin mulki. Shi ke jagorantar zama, shi ke ba da magana ya kuma karɓe ta, kuma shugaban ƙasa ba ya rusa majalisa sai ya nemi shawararsa da ta firaminista. Babban abin shi ne wannan: idan shugaban ƙasa ya rasu ko ya yi murabus, shi ke riƙon ƙwarya har a yi sabon zaɓe. Tsige shi ma ba wasa ba ne. Sai rabin depitoci sun sa hannu a takarda, sannan kashi biyu cikin uku su kaɗa ƙuri'ar amincewa.

A takarda ke nan. To a aikace fa?

Wanda ya fi kowa daɗewa bisa kujerar shi ne Boubou Hama, malamin makaranta kuma marubuci daga yankin Tera, wanda gidan tarihi na Yamai ke ɗauke da sunansa. Ya riƙe ta daga ƙarshen 1958 har zuwa 15 ga Afrilu 1974. Sai dai a lura, majalisar jam'iyya guda ce, PPN-RDA, tun da an haramta Sawaba a 1959. Ba adawa, ba mai ja da shi. Da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, Boubou Hama ya tsinci kansa a tsare, ƙasa kuma ta yi shekara 15 ba majalisar dokoki. Sai a ƙarshen 1989, zamanin Ali Saibou, aka sake buɗe ta, Moutari Moussa ya shugabance ta. Ita ma taron ƙasa na 1991 ya sallame ta, aka kafa majalisar riƙon ƙwarya ƙarƙashin André Salifou.

Da zuwan jam'iyyu da yawa ne kujerar ta zama abin rabo tsakanin abokan ƙawance. A 1993 ƙawancen AFC ya ci zaɓe, aka yi kashi uku: Mahamane Ousmane na CDS shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou na PNDS firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP shugaban majalisa. Ba a cika shekara biyu ba tafiyar ta watse. PNDS ta fice a watan Satumba 1994, shugaban ƙasa ya rasa rinjaye, ya rusa majalisa cikin Oktoba da fatan talakawa za su mayar masa da shi. Reshe ya juye da mujiya: zaɓen Janairu 1995 ƴan adawa suka ci. Hama Amadou ya zama firaminista, Issoufou ya hau kujerar majalisa. Aka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa, har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya tattara su duka ukun ya ajiye gefe.

Ranar 9 ga Afrilu 1999 ta ishe mu darasi. An harbe Baré a filin jirgin Yamai, kujerar shugaban ƙasa ta zama ba kowa. Lokacin akwai majalisa, Moutari Moussa ya dawo kanta tun 1996. Amma ba shi aka kira ba. Firaminista Ibrahim Hassane Mayaki ya fito ya ba da sanarwar rusa majalisar, bayan kwana biyu Daouda Malam Wanké ya ɗare mulki. Har yau ba shugaban majalisa ko guda da ya taɓa yin riƙon ƙwaryar shugabancin Nijar.

Daga ƙarshen 1999 Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya karɓi kujerar, sakamakon goyon bayan da ya ba Tandja Mamadou a zagaye na biyu. Kusan shekara goma suna tare, kuma wannan zaman shi ya ba jamhuriya ta biyar kwanciyar hankalin da ta uku ba ta samu ba. Tazarce ta raba su. Ousmane ya ƙi, Tandja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu 2009. Majalisar da ta biyo baya, ta Seyni Oumarou, wata uku kawai ta yi, Salou Djibo ya zo ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Sai zancen da yawancinmu muka gani da idonmu. A 2011 Hama Amadou ya mara wa Issoufou baya a zagaye na biyu, ya samu shugabancin majalisa. A watan Agusta 2013 suka ɓata kan gwamnatin haɗin kan ƙasa, jam'iyyarsa Lumana ta koma adawa, shi kuwa yana nan daram bisa kujera. Mutum na biyu a ƙasa, magajin shugaban ƙasa a doka, ya zama babban abokin hamayyarsa. Depitoci 113 ne lokacin, tsige shi na buƙatar ƙuri'a 76, kuma ba a tsige shi ta wannan hanyar ba. Ta hanyar shari'a abin ya biyo, a batun nan na safarar jarirai daga Najeriya. A ƙarshen Agusta 2014 biron majalisa ya amince alƙali ya saurare shi, ya bar ƙasa zuwa Burkina Faso, daga nan Faransa. A Nuwamba kotun tsarin mulki ta ce kujerar ba mai ita, aka zaɓi Amadou Salifou. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara guda a 2017. Shi kuma har Allah ya yi masa rasuwa a Oktoba 2024 yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ousseini Tinni ya riƙe daga 2016 zuwa 2021, Seyni Oumarou ya sake dawowa, har zuwa Yuli 2023.

Ku ƙirga da kanku. Daga 1989 zuwa 2023, mutum biyu rak suka cika wa'adin shekara biyar daga farko har ƙarshe: Mahamane Ousmane a zagayensa na farko, da Ousseini Tinni. Kuma ba ko ɗaya da depitoci suka tsige da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Ko bindiga, ko rusa majalisa, ko kotu.

Abin da tarihi ke nuna mana shi ne, doka ta kare shugaban majalisa daga depitoci, ba ta kare shi daga fada da bariki ba. Kuma muddin kujerar ladan zagaye na biyu ce, ranar da ƙawance ya mutu rikici ya shigo tsakiyar hukumomin ƙasa. Wannan ba matsalar manyan Yamai kaɗai ba ce, domin kafin Yuli 2023 a zauren nan ake amincewa da kasafin kuɗin da zai gina aji a Dakoro ko ya kai magani likitar Madawa. Duk ranar da aka zauna rubuta sabon tsarin mulki, ya kamata mu tambaya tun da wuri: wa zai zaɓe shi, wa zai iya sauke shi, kuma idan ranar gado ta zo, za a bar shi ya gada?

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da shugabanni masu adalci. Amin.