Ɗaukar Hoto da Fim a Garuruwan Gaɓar Tekun Ingila

Ɗaukar hoto da fim a garuruwan gaɓar teku reshe ne na sana'ar hoto da ya yi ƙarfi a Ingila, inda ma'aikata suka saba zuwa hutu a wurare irin su Blackpool da Margate. A waɗannan garuruwa ne masu hoto suka adana yadda talakawan ƙasar ke shaƙatawa.

Tony Ray-Jones ya zagaya su a ƙarshen shekarun 1960 da fim mai baƙi da fari. Ya rasu a 1972, aka buga littafinsa, A Day Off, a 1974. Martin Parr kuwa ya yi aiki a New Brighton, kusa da Liverpool, daga 1983 zuwa 1985, da fim mai launi da fitilar kyamara ko da rana tsaka. Littafinsa, The Last Resort, ya fito a 1986, ɗauke da hotunan iyalai suna cin abinci a gefen shara. Wasu suka zarge shi da yi wa talakawa ba'a, wasu suka ce gaskiyar zamanin Thatcher ya nuna.

Aikin yana da wuya. Hasken da yashi da ruwa ke maidowa kan ruɗi ma'aunin hasken kyamara, sai hoto ya fito da duhu. Iska mai gishiri tana cin ƙarfen kyamara, zafi kuma yana lalata fim. Ga shi naɗin fim mai milimita 35 yawanci hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a ganin sakamako sai an wanke.