Garin Auburn da Masana'antar Mota: Tarihin Wani Gini da Ya Tsira

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bibiyi tarihin wani gini guda a Auburn, ƙaramin gari da ke gundumar DeKalb ta jihar Indiyana a Amurka, wanda mutanensa ba su wuce 13,000 da 'yan kai ba. Za a yi ƙoƙarin nuna yadda ginin ya kai ga zama gidan tarihi, da kuma abin da adana shi ya bayyana da wanda ya ɓoye game da tarihin garin.

2.0 Daga Keken Doki Zuwa Mota

A shekarar 1874 ne Charles Eckhart ya kafa kamfanin ƙera keken doki a Auburn. 'Ya'yansa biyu, Frank da Morris, su ne suka juya ga ƙirar mota a 1900, suka raɗa wa kamfaninsu sunan garin. Harkar ba ta yi wani ƙarfi ba, har a 1919 suka sayar da shi ga wasu attajiran Shikago, ciki har da William Wrigley, mai kamfanin cingam.

Al'amura sun canza ne a 1924, lokacin da aka ɗauko Errett Lobban Cord, wani matashin dillalin motoci, aka ɗora shi a kan harkokin kamfanin. Motocin da suka yi kwantai a harabar masana'anta sai ya sa aka sake musu fenti mai ɗaukar ido, aka sayar da su. Cikin shekara biyu ya zama shugaban kamfanin, kuma a 1926 ya sayi kamfanin Duesenberg na birnin Indiyanafolis. A 1929 ya fito da mota mai sunansa, Cord L-29, wadda ƙafafun gaba ke ja, abin da ya kasance baƙo a kasuwar Amurka ta wancan zamani.

Masu nazarin harshe za su so su san cewa Amurkawa da yawa suna ɗauka kalmar nan doozy, wadda suke faɗa wa duk abin da ya fita daban, daga sunan Duesenberg ta samo asali. Hasashe ne mai daɗin ji, amma an sami kalmar a rubuce tun kafin motar ta shiga kasuwa a 1921.

3.0 Ginin Hedikwata

A ganiyar wannan bunƙasa aka gina sabuwar hedikwatar kamfanin tsakanin 1929 da 1930, bisa zanen Alvin M. Strauss na birnin Fort Wayne, cikin salon gini da ake kira Art Deco. Ƙasan ginin zauren baje kolin motoci ne mai manyan tagogin gilashi, da daɓen ƙananan duwatsu masu launi da aka tsara zane-zane da su, da fitilun ado da ke rataye a rufi, da kuma matattakala mai faɗi a tsakiya. Ba don jama'ar gari aka yi wannan ƙawa ba. An yi ta ne domin dillalai da ke zuwa daga sassan ƙasar su ga sababbin motoci, su yi oda. A saman bene kuwa akwai ofisoshin shugabanni da ɗakunan zane, inda Gordon Buehrig ya yi aikin ƙirar Cord 810 ta 1936, mai fitilun gaba da ke noƙewa cikin jikin mota.

Sai dai ginin ya zo a makare. An buɗe shi ne bayan karyewar kasuwar hannun jari ta 1929. Kamfanin ya yi cinikin da bai taɓa yi ba a 1931, daga nan kuma sai koma baya, domin talaucin da ya game ƙasar bai bar masu sayen motocin alfarma ba. A 1937 aka daina ƙera motocin gaba ɗaya.

4.0 Yadda Ginin Ya Tsira

A nan ne, a nawa ganin, muhimmancin labarin yake. Ginin bai tsira don wani ya ga darajar tarihinsa ba. Ya tsira ne saboda bai taɓa zama kango ba. A 1938 wani ɗan kasuwa, Dallas Winslow, ya sayi ginin tare da ragowar kayan gyara, ya ci gaba da sayar da su ga masu tsofaffin motocin har zuwa 1960, lokacin da aka kwashe kayan zuwa jihar Oklahoma. Daga baya kamfanin ɗinkin tufafi da wasu ƙananan sana'o'i suka zauna a ciki. Sun ɓata zauren, babu shakka, amma sun hana rufin zubewa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar masu sha'awar waɗannan motoci, wadda aka kafa a 1952, ta fara taron shekara-shekara a Auburn tun daga 1956. Ganin baƙi suna tururuwa da motocin da iyayensu suka ƙera shi ya farkar da mutanen garin. Suka kafa ƙungiya, suka tara kuɗi, suka sayi ginin, aka kuma buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 6 ga Yuli, 1974. An sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1978, sa'annan a 2005 aka ɗaga matsayinsa, tare da gine-gine biyu da ke bayansa, zuwa alamar tarihi ta ƙasa baki ɗaya.

Duk da haka, akwai abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi. Gidan tarihin yana ɗauke da sunaye uku, Auburn da Cord da Duesenberg, alhali ba a taɓa ƙera Duesenberg a garin ba, kuma Cord 810 da aka zana a saman bene a garin Connersville aka harhaɗa ta. Har ila yau, yawancin rumfunan masana'anta inda leburori da maƙera da masu fenti suka yi gumi an rushe su tuntuni. Abin da mai ziyara ke gani a yau shi ne ofishin maigida da zauren da aka ƙawata domin baƙi, sai gine-ginen nan biyu na baya, wanda ɗaya na kayan gyara ne ɗaya kuma na aikin L-29, waɗanda yanzu suke ɗauke da wani gidan tarihin na motoci da manyan motocin ɗaukar kaya.