Firgici da Hadda: Nazari a Kan Karatun Yaran da Fitinar Arewa Maso Gabas Ta Ɗaiɗaita

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin alaƙar firgicin da ya zauna a zuciyar yaro da raunin haddarsa, kuma da'awarta ita ce malamin aji yakan riga likita isa ga irin wannan yaro.

Matashiya

Tun daga shekarar 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri, har zuwa sace ɗalibai mata 276 a Chibok cikin Afrilun 2014 da makamancinsa da ya auku a Dapchi a 2018, makaranta, wadda a al'ada mahallin aminci ce, ta zama wurin fargaba ga dubban yara. Yaron da aka kashe mahaifinsa a kan idonsa, ya kwana a daji, sa'an nan aka zaunar da shi gaban allo, sau da yawa ko baƙi da wasali ba ya iya riƙewa. Malami kuwa, bisa kyakkyawar niyya, sai ya yanke hukuncin cewa daƙiƙi ne ko mai taurin kai, ya ɗauko bulala.

Bahasi

Masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa tsoro idan ya daɗe yakan sa jiki ya yawaita sinadarin kotisol, ta yadda sashen da ke gadin haɗari zai kasance kullum a farke, alhali sashen da ke taskace ilimi yana raunana. Saboda haka ƙarar bugun ƙofa kaɗai ta isa ta tarwatsa karatun yini guda. Binciken da Felitti da Anda suka wallafa a 1998, wanda daga bisani ya ƙunshi mutum fiye da 17,000 a Amurka, ya nuna yadda musibun ƙuruciya ke bin mutum har girmansa, ko da yake kiyasinsa da halin Borno yana buƙatar taka-tsantsan, domin waɗancan manya ne da ba yaƙi ya kore su daga gidajensu ba. Sanin illar tsoro kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, tun da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya yi wafati a 934, ya riga ya yi sharhin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus.

Hujja mafi kusa a kan rawar da malami zai iya takawa ita ce makarantar da Zannah Mustapha ya assasa a Maiduguri a 2007, inda marayun ɓangarorin biyu na rikicin ke zama aji ɗaya, ana haɗa musu karatu da ciyarwa da kula da lafiya, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. A ra'ayin wannan marubuci, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta shafe tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, fa'idarta ga yaron sansanin gudun hijira kaɗan ce, matuƙar kwalejojin horar da malamai da alarammomin tsangayu ba su san alamomin firgici ba, kamar zabura da yawan shiru da fitsarin kwance bayan an girma.