Asalin Maɗaurin Damtse a Awon Hawan Jini

Na'urar da ake auna hawan jini da ita a Kunduru da sauran garuruwan Kankiya da Kusada a jihar Katsina ta samo asali ne daga Italiya, inda a 1896 likita Scipione Riva-Rocci ya ƙera maɗauri, wato jakar roba da ake naɗawa a damtse a hura mata iska har ta toshe jijiyar jini, sannan a karanta ƙarfin matsin a jikin bututun zaiba. Faɗin maɗaurin nasa bai wuce santimita 5 ba, kuma a nan aibinsa yake, domin siririn maɗauri ba ya isar da matsinsa ga jijiyar da ke can cikin tsoka sai an ƙara masa iska fiye da ƙima, lamarin da ke sa awo ya haura gaskiyar abin da ke jiki. Bajamushe Heinrich von Recklinghausen ne ya gano wannan kuskure a 1901, ya faɗaɗa maɗaurin zuwa kimanin santimita 12, kafin Nikolai Korotkoff na Rasha ya kawo dabarar sauraron bugun jijiya a 1905.

Sai dai gyaran ya bar baya da ƙura, tun da damatsan mutane ba ɗaya ba ne. Daga bisani masana suka tsayar da ƙa'ida cewa faɗin jakar iskar ya kai kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtse, tsawonta kuma kashi 80. Wani bincike da masana Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka wallafa a 2023, kan mutum 195, ya nuna cewa maɗauri matsakaici ya ƙara kusan maki 20 a lambar sama ta masu manyan damatsa sosai, yayin da ya rage kusan maki 4 ga sirara.

Tazarar maki 20 ta isa ta tsallakar da lafiyayye iyakar 140 bisa 90 a ɗora shi kan magani, ragin kuwa, ko da kaɗan ne, yana iya ɓoye farkon hawan jinin mai juna biyu a ranar awon ciki. Abin lura shi ne, ma'aikatan lafiya na jihar Katsina, ciki har da waɗanda aka horar a makarantar fasahar kiwon lafiya ta Kankiya, sun saba auna damtsen yara domin gano tamowa, kuma irin wannan awon na tef, wanda bai fi minti guda ba, shi ake buƙata a yi wa babba kafin a zaɓa masa maɗauri.