Gadon Wuta, Garwa da Risho: Tarihin Ɗumi a Gidajen Ƙasar Kazaure

Wanda ya san Arewa a watan Afrilu kaɗai zai yi murmushi idan aka ce masa ɗumama ɗaki yana da tarihi a ƙasar Kazaure. Sai ya kwana a Gwiwa a ƙarshen Disamba, lokacin da iskar hunturu ke gangarowa daga Sahara babu abin da ya tare ta, ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba, ruwan randa ya koma kamar an jiƙa ƙanƙara a ciki. Sanyin nan bai kai na Turai ba, amma yana samun mutane da tufafi marasa kauri, cikin ɗakunan da aka gina domin gudun zafi. Saboda haka kowane zamani ya nemi dabararsa.

A karkarar Birtaniya da Ailan, inda bututun gas bai kai ba, gidaje da yawa suna da tukunyar ɗumama gida wadda suke kira boila. Tanki ne a bayan gida, famfo ya jawo mai ya fesa shi ta wani ɗan ƙaramin baki, tartsatsin lantarki ya kunna shi, wutar ta dafa ruwa, ruwan ya zagaya ɗakuna cikin bututu. Man da akasarinsu ke sha kuwa kananzir ne, irin wanda iyayenmu mata suka zuba a risho. Mai gyaran boila idan aka kira shi, abu uku yake dubawa: ko mai yana isowa da tsabta, ko iska tana shiga daidai, ko hayaƙi yana samun hanyar fita. A kan waɗannan ukun tarihin wutar gidajenmu ma ya tsaya.

A zamanin da Ɗan Tunku ya kafa masarautarsa, wajen shekarar 1819, da lokacin da ɗansa Dambo ya zaunar da gadon sarauta a garin Kazaure, na'urar ɗumama ɗaki ita ce gadon ƙasa. Magini ya kan ɗaga dakali a gefen ɗaki, ya bar masa kogo a ciki da ƙofa ƙarama. Da almuru a zuba garwashi ko a hura 'yan ƙirare a kogon, a shimfiɗa tabarma a sama. Hikimar tana cikin yumɓun kansa, domin ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Wutar za ta mutu tun tsakar dare, amma gadon ya ci gaba da bayar da ɗumi har kiran assalatu, daidai lokacin da sanyi ya fi cizo. Mutanen arewacin Sin suna da irinsa, suna kiransa kang. Koriyawa sun faɗaɗa dabarar ta game daɓen ɗaki duka, suka kira ta ondol. Rumawa ma sun bi da iska mai zafi ta ƙarƙashin daɓen gidajen wanka. Sanyi ne ya koya wa kowa darasi iri ɗaya.

Waɗanda ba su da gado sun wadatu da kaskon wuta a tsakar ɗaki, samari kuma da almajirai su kewaye wutar kara a dandali ko a tsangaya. Abin lura shi ne ɗakin wancan lokaci yana numfashi. Jinka tana tace hayaƙi ya fita ta tsakanin ciyawa, baƙin da ke taruwa a jikinta kuma yana rage ɓarnar ƙwari. Ƙofa asabari ce ko tufaniya, ba ta hana iska wucewa. Soro ma yana da 'yar taga can sama. Ba wanda ya zauna ya lissafa wannan da alƙalami, amma wuta da ɗaki sun dace da juna.

Babban aikin dafa ruwa a gidan Bahaushe kuwa jego ne. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas maigida yake fara tara itace, kuma tsayin tarin nan abin magana ne a wurin dangin matar. Bayan haihuwa, kwana arba'in ko fiye, safe da yamma, ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye, da can na tsamiya ko runhu, daga baya na darbejiya, a riƙa fyaɗa wa mai jego. Ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon da aka hura wa wuta. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda wannan al'ada ta kafu a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Manufarta a bayyane take: korar sanyi, wanda ungozomomi suka ɗauka shi ne babban abokin gabar mace mai ɗanyen jiki.

A cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa da kumburi da sarƙewar numfashi 'yan makonni bayan haihuwa. Davidson da Parry sun bi diddigin mata fiye da 200, suka wallafa sakamakon a 1978. Bayaninsu shi ne kanwa cike take da gishirin sodiyam mai sa jiki riƙe ruwa, zafin wanka da na gado kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, sai zuciya ta ga aiki ya ninka a daidai lokacin da take farfaɗowa daga wahalar ciki. Sun kuma ga abin ya fi tsananta a watannin zafi. A ganina wannan ya nuna inda matsalar take. Gadon wuta da aka ƙirƙira domin daren Janairu an mayar da shi doka har a tsakiyar bazara, wurin da jiki ba ya bukatar ƙarin ɗumi ko kaɗan.

Kananzir ya zo ne daga nesa. Abraham Gesner, wani masani ɗan Kanada, shi ya raɗa masa sunan da muka hausantar, a tsakiyar ƙarni na 19, rijiyar Edwin Drake ta 1859 a Amurka kuma ta sa ya yi araha. A 1907 kamfanin Vacuum Oil ya fara sayar da samfurin Sunflower a Najeriya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai kayan kanti suka sami hanya, daga nan fatake da jakuna, daga baya motoci, suka bi da su hanyar Daura, wadda ta ratsa Ɗambatta da Kazaure. (Sai a 2021 aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Kazaure, shekara 110 bayan na Kano.)

Man yana zuwa ne cikin garwa mai cin galan huɗu, wato kimanin lita 18, kuma ana iya cewa garwar ta fi man daɗewa a rayuwarmu. 'Yan ga-ruwa suka rataya biyu a sanda suka shiga unguwanni. Mata suka aza ta a murhu domin ruwan wanka, saboda ƙarfenta siriri ne, ruwa ya fi saurin tafasa a ciki fiye da tukunyar ƙasa. Masu ƙira suka yanka ta suka fitar da mazurari da moɗa, suka mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal. Da farko dai kananzir na haske ne, ya kori fitilar man gyaɗa da man kaɗe, ya kawo fitilar ƙwai. Girki da shi ya biyo baya, ya fara daga gidajen ma'aikata da malaman makaranta, ya bazu bayan bunƙasar arzikin man fetur ta shekarun 1970 da buɗe matatar Kaduna a 1980, har risho ya zama wajibi a kayan ɗakin amarya.

Risho iri biyu ne. Akwai mai famfo, jikan Primus da aka ƙera a Suwidin a 1892, wanda ake bunƙasa wa iska har mai ya hau ya zama tururi, ya fito ta wata ƙofa mai kama da kafar allura yana gurnani. Lalurarsa ba ta wuce biyu ba: ko fatar famfon ta bushe ta daina riƙe iska, ko kafar ta toshe, a soke ta da siririyar waya. Sai mai lagwani, wanda ya fi yawa a gidaje. Lagwani da dama ne a jere a da'ira suna tsotso mai daga tanki, a kansu kuma ragar ƙarfe biyu masu hudoji, ɗaya cikin ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka ragar nan kariya ce daga iska, alhali ita ce zuciyar na'urar. Idan ta yi zafi, sai tururin mai ya gauraya da iskar da ke shigowa ta hudojin, ya ƙone ƙurmus, wuta ta fito shuɗiya.

Daga nan masu gyaran risho da fitila, waɗanda suke zama a gefen kasuwa da almakashi da ƙullin lagwani, suka gina iliminsu, kuma launin wuta ne littafinsu. Wuta ja mai baƙanta gindin tukunya tana nufin mai ya rinjayi iska: ko lagwani ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa tsayi, ko hudojin raga sun cushe da baƙi, ko ragar ba ta zauna daidai ba. Wuta mai tartsatsi tana mutuwa tana nufin ruwa ya shiga tanki. Ruwa ya fi kananzir nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda wutsiyar lagwani take sha. Sau da yawa kuma daga gida ruwan yake fitowa, saboda ɗabi'ar yayyafa wa risho ruwa a kashe shi, wadda ke jiƙa lagwani ta kuma sa raga tsatsa. Wuta mai raguwa alhali tanki bai ƙare ba tana nufin lagwani ya gajarce ko bakinsa ya daskare da gawayi, sai a datse. Mai gyaran boila a Ailan, da zai zauna kusa da su, zai gane kowace magana, domin shi ma ruwa a gindin tanki da toshewar bakin feshi da ƙarancin iska ne abincinsa.

Akwai lalurar da ba ta gyaruwa da almakashi. Kananzir na gaskiya ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, fetur kuwa yana fitarwa ko a digiri 40 ƙasa da sifili. Idan aka gauraya su, ko don haɗama ko don an yi jigila a tankar da ba a wanke ba, sararin da ke cikin tankin risho sai ya cika da tururi mai jiran ashana. A 2001 gurɓataccen kananzir ya ƙone mutane da dama a Edo da Legas, akasarinsu mata da yara, galibi a lokacin da suke ƙara mai a fitila ko risho yana ci.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkin risho dai farashi ne. Ƙarancin mai na tsakiyar shekarun 1990 ya haifi murhun da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha, mai cin ɗusar katako ko gawayi. Shekaru da yawa farashin gwamnati yana naira 50 a lita, kodayake samunsa a haka sai mai dogon hannu. A Janairun 2016 aka janye tallafi ya koma naira 83, a ƙarshen 2022 kuma ya haura naira 1,000. Masu hali suka koma tukunyar gas, saura suka koma gawayi da itace, a yankin da ke bakin iyakar Nijar, inda ake ta dashen bishiyoyi domin tare hamada.

Sai dai gawayin ya dawo ya tarar da ɗaki ya sake. Yanzu bulo ne da siminti, rufin kwano da silin, taga ta gilashi, ƙofa ta ƙarfe, a daren hunturu kuma har tsumma ake cusawa a ƙarƙashinta. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ido ke ganin ya zama lafiyayye, yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda mai barci ba zai ji ba, wanda ya farka kuma zai ɗauka zazzaɓi ne ko mura, ya ƙara jan bargo. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ya kuma sake su da sun fita tsakar gida, kurfotin da ya kwana a ciki shi ne abin tuhuma. Jariri da mai ciki da tsoho su ne suka fi saurin faɗuwa, kuma su ne waɗanda aka fi shigar wa da wuta ɗaki don tausayi.

A Ingila dokar gini ta wajabta wa boila bututun hayaƙi da ke fita waje, ana kuma sayar da 'yar na'ura mai ƙara idan iskar nan ta taru. A ɗakin kakanninmu jinka da asabari ne suke wannan aiki. A ɗakin siminti kuwa abin da ya rage shi ne a ɗumama ɗakin da wuri taga a buɗe, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a rufe ƙofa.